Gawo Ba Ya Tsoron Rani

  

Ni dattijon ikkilisiya ne a ƙasar Damagaram, manomi ne kuwa kamar kai. Karatuna bai wuce na firamare a makarantar mishan ba. Amma akwai abin da Ubangiji ya koya mini ta wurin wani itace na gona, da kuma ta wurin ciwo. Shi nake so in faɗa maka. Idan akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, ka karanta da ƙarfi domin shi ma ya ji.

Ka san yadda shekara take juyawa a wurinmu. Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka. Daga nan sai noman fari, sai maimai. Ba mai zama. Kaka ta yi, a yanke hatsi, a ɗaure dammuna, a kai rumbu. Sa'an nan Kirsimati ta zo, majami'a ta cika maƙil, mata suna waƙa, yara suna murna. Bayan sabuwar shekara fa? Sai gari ya yi tsit. Samari sun tafi cin rani. Gona ta yi fari fat. Ran Lahadi ka duba majami'a, ka ga tsofaffi da mata da yara kaɗai. Rana tana tsawo, ba wani labari.

Haka rayuwar mai bi take. Tana da daminarta, tana kuma da raninta. Akwai lokacin da addu'a take da daɗi kamar fura da nono, Maganar Allah tana shiga zuciya, aiki yana ci gaba. Akwai kuma lokacin da kome yakan yi shiru. Ba ka yi wani babban zunubi ba, amma zafin nan na dā ya ragu. Wataƙila tsufa ne ya zaunar da kai. Wataƙila ciwo ne. Wataƙila ke mai jego ce, wata da watanni ba ki sami zuwa taron zumuntar mata ba. Sai Shaiɗan ya zo yana raɗa maka cewa Allah ya manta da kai, ba ka da sauran amfani. Masu bi da yawa sun yi sanyi, waɗansu har sun koma baya, ba don tsanani ba, sai don ba su gane amfanin wannan lokaci ba.

DUBI GAWO

Ka fita bayan gari ka dubi gawo. Duk wanda ya bi hanyar Mirya, ko Matamaye, ko Magarya, ya ga yadda gawo ya cika gonaki. Tsofaffi suna ba da labari cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni, ya kuma rasu a 1884, akwai doka mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Mutanen dā sun san darajarsa.

Me ya bambanta gawo da sauran itatuwa? Da damina, sa'ad da kowane itace yake ƙawa da ganye, gawo yakan zubar da nasa. Ya tsaya tsirara, sai ƙaya. Baƙon da bai san shi ba zai ce itacen nan ya mutu, a sare shi a yi girki. Amma manomi ya sani. Da yake gawo ba shi da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zubar kuwa taki ne. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau.

Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, sauran itatuwa suka fara kaɗe ganye, a nan ne gawo yakan yi kore shar. Tumaki da awaki su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki a wurin. Ina yake samun ruwa cikin tsakiyar rani? Saiwarsa ce ta nutse can ƙasa, inda ido ba ya gani, har ta tarar da ruwa.

Annabi Irmiya ya kwatanta mutumin da yake dogara ga Ubangiji da itacen da saiwarsa ta kai ga ruwa. Zafi ba ya ba shi tsoro, shekarar fari kuma ba ta hana shi 'ya'ya (Irmiya 17:7-8). Ka lura, annabin bai ce zafi ba zai zo ba. Zai zo. Abin tambaya shi ne, ina saiwarka take? Saiwa kuwa ba ta girma da hayaniya. A ɓoye take tafiya, sannu sannu.

ABIN DA YA SAME NI

Bari in tona asirin kaina. Sa'ad da nake cikin ƙarfina, ban san zama ba. Ni ne wa'azi, ni ne ajiyar kuɗin baiko, ni ne sasanta masu faɗa, ni ne zuwa ƙauyuka a kan babur. Ga gona kuma. Ran Lahadi ma, da an tashi sujada sai in zarce wani taro. Ina tsammani wannan shi ne himma. A zuciyata kuwa ina cewa, idan ba ni, aikin nan zai tsaya. Ban taɓa faɗa da baki ba, amma Allah ya ji.

Wata shekara, bayan mun gama kai hatsi rumbu, sai ciwo ya kayar da ni. Na yi wajen wata 3 ban iya zuwa ko ƙofar gida ba sai an riƙe ni. Likita ya ce in kwanta. Jikina ya kwanta, amma zuciyata ta ƙi. Ran Lahadi ina jin waƙa daga nesa, sai haushi ya kama ni. Wa zai yi wa'azi? Wa zai ƙidaya baiko? Na yi ta gunaguni har na dami mutanen gida.

Wata rana da yamma matata ta kawo mini kunu, ta zauna a bakin tabarma. Ta ce, "Maigida, in tambaye ka mana. Ikkilisiyar nan taka ce, ko ta Yesu?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Ta Yesu ce."

Ta ce, "To, ka bar masa abinsa, ka sha kununka."

Na yi shiru. Maganar ta soke ni, gama gaskiya ce. Bayan kwana kaɗan wani saurayi ya zo gaishe ni, wanda ban taɓa ba shi dama ya tsaya gaban jama'a ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ni aka sa in yi wa'azi ran Lahadi, ina kuwa jin tsoro. Ka taimake ni." Muka buɗe Littafi Mai Tsarki tare, ina kwance yana zaune. Mako mako yana zuwa. Yau shi ne yake kiwon wata ƙaramar ikkilisiya a ƙauye.

Sai na gane. Shekara da shekaru ganyena ne yake tare wa na ƙasa da ni rana. Da Ubangiji ya kaɗe mini ganye, sai hatsin da yake gindina ya tashi. A cikin watannin nan kuma na karanta Zabura daga farko har ƙarshe, ba don in shirya wa'azi ba, sai don raina. Na san 'ya'yana, su ma suka san ni. Ciwon ba abin daɗi ba ne, ba na kuwa roƙa wa kowa shi. Amma kada ka jira sai ciwo ya kwantar da kai kafin ka koyi abin da za ka iya koya da lafiyarka.

ALLAH NE YA KAFA HUTU

Hutu ba dabarar malalata ba ce. Allah da kansa ya fara shi. Ya yi aikin halitta kwana 6, a rana ta 7 ya huta, ya kuma keɓe ranar (Farawa 2:2-3). Ba gajiya ya yi ba. Misali ya bar mana. Ya umarci Isra'ilawa su huta rana ɗaya cikin bakwai, ko da lokacin noma ne, ko lokacin girbi (Fitowa 34:21). Har ƙasa ma ya ba ta hutu, shekara ɗaya cikin bakwai ba shuka (Littafin Firistoci 25:1-7). Kakanninmu sun san wannan hikima, sukan bar gona saura ta huta. Yanzu mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, ba mai iya barin saura. Kowa ya ga yadda ƙasa ta gaji. To, idan ƙasa tana gajiya, ina ga ɗan adam?

Ka tuna da annabi Iliya. A kan Dutsen Karmel ya ga wuta ta sauko daga sama, jama'a duka suka fāɗi rubda ciki. Wannan ita ce daminarsa. Amma nan da nan Yezebel ta yi masa barazana, ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi mutuwa. Me Allah ya yi masa? Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya ci, ya sāke kwanciya. Aka sāke ta da shi ya ci. Sai bayan wannan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. A can aka yi iska mai ƙarfi, da girgizar ƙasa, da wuta, amma ba a cikinsu Ubangiji ya yi masa magana ba, sai cikin wata 'yar murya marar ƙarfi. Iliya yana tsammani shi kaɗai ya rage. Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su yi wa Ba'al sujada ba, ya kuma aike shi ya keɓe Elisha ya gāje shi (1 Sarakuna 19). Ka gani? Wani lokaci abin da bawan Allah yake bukata shi ne barci, da tuwo, da wurin da ba surutu.

Ubangiji Yesu ma, da almajiransa suka komo daga wa'azi, mutane suna ta kai da kawowa har ba su da zarafin cin abinci, sai ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta (Markus 6:31). Idan Mai Ceton duniya bai ga hutu ɓata lokaci ne ba, kai wane ne?

AIKIN ALLAH BA YA GAGGAWA

Musa ya yi shekara 40 a ƙasar Madayana, yana kiwon tumakin surukinsa, kafin Allah ya kira shi (Ayyukan Manzanni 7:30). Yesu ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara aikinsa a fili (Luka 3:23). Yawancin shekarun nan a Nazarat ya yi su, ƙaramin gari, cikin aikin sassaƙa.

A ƙasarmu ma haka ne. Mishan ta SIM ta fara zama a Zinder a 1924, daga baya ta buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. Shekaru masu yawa ana shuka, masu ba da gaskiya kuwa ana ƙidaya su da yatsu. Da waɗannan bayin Allah sun ce ba amfani sun tafi, da wa zai kawo mana bishara? Sun yi kamar manomin da ya yi binne, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya koma gida yana jira. Yesu ya ce Mulkin Allah haka yake. Mutum ya yafa iri, yana kwana yana tashi, irin kuwa yana tsiro ba tare da ya san ta yaya ba (Markus 4:26-29). Ba wanda ya taɓa jan hatsi da hannu don ya yi saurin tsawo. Sannu ba ta hana zuwa.

HUTU BA LALACI BA NE

Kada wani ya ce, to, dattijo ya ba mu izini mu kwanta a inuwa muna dara daga safe har yamma. A'a. Manzo Bulus ya gargaɗi masu ƙin aiki da kakkausar murya (2 Tasalonikawa 3:10-12). Malalaci yana gudun aiki ne. Mai hutu cikin Ubangiji kuwa yana rage yawan ayyuka domin ya riƙe abin da ya fi muhimmanci.

Ga misali daga gonakinmu. Mu da muka ga yunwar 1984 muna yara, mun tuna yadda ƙasa ta zama fili, iska tana binne shuka da yashi. A wajen 1983 wani ma'aikacin SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura da cewa 'yan tsire-tsiren da muke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Tohon kututturan itatuwa ne, waɗanda saiwarsu take da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an dasa sabon itace ba. Manomi ya zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ya yanke sauran, ya kiyaye waɗanda ya bari. Manoman Maraɗi da na Damagaram suka riƙe wannan hanya, har masu bincike suka kimanta cewa itatuwa sun komo a kan wajen hekta miliyan 5 a Nijar.

Ya ɗan'uwana, ko da ka ga kanka kamar kututture, idan kana cikin Almasihu saiwarka tana da rai. Amma kututturen da aka bar masa toho 20, ko ɗaya ba zai zama itace ba. Lokacin shiru shi ne lokacin zaɓe. Marta ta rarraba hankalinta a kan hidima iri iri, Maryamu kuwa ta zauna tana sauraron Ubangiji, ita ce kuma ya yaba wa (Luka 10:38-42).

MAGANA GA MASU TAFIYA CIN RANI

Na sani rumbu da yawa ba sa kai wa wata damina. Dole waɗansu su tafi Kano, ko Agadas, ko wani wuri neman abin rufin asiri. Wannan ba laifi ba ne. Allah ya kiyaye ku, ya komo da ku lafiya. Ku tafi da Littafinku, ku nemi 'yan'uwa masu bi a inda kuka sauka.

Amma ka binciki zuciyarka kafin ka ɗaura kaya. Bukata ce take korarka, ko kuwa ba ka iya zama ne kawai? Ko don ka ga maƙwabci ya komo da babur? Ba za mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'ad da aka tarar da gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa kuwa daga wajen Kance. Ba mu hukunta su ba, talauci ne ya fitar da su, muna kuwa kuka tare da danginsu. Amma ya kamata kowane gida ya zauna, ya yi addu'a, ya yi shawara kafin wani ya kama hanya. Ikkilisiya kuma ta dubi waɗanda rumbunsu ya ƙare, kada yunwa ta tura su inda ba za su komo ba.

MAGANA GA MAGIDANTA

Mu maza muna cewa rani lokacin hutu ne. Ka tambayi matarka ko ta san haka. Daka yana nan, surfe yana nan, itacen girki yana nan. Ga wahalar ruwa da kowa ya san Damagaram da ita, rijiya tana ƙara zurfi, layi yana ƙara tsawo. Dokar Allah ta ce a ranar hutu har sa da jaki da bara su sami shaƙatawa (Fitowa 23:12). Idan jaki yana da rabo cikin hutu, ina ga uwar 'ya'yanka? Ka ɗaura amalanke ran Asabar ka ɗebo ruwan da zai kai Litinin. Ka sa samari su yo itace. Ba za ka ragu da kome ba. Hutun da mutum ɗaya yake ci a kan wuyan wani, ba hutun Ubangiji ba ne.

ABIN DA ZA KA YI A RANIN NAN

1. Ka keɓe ranar Lahadi. Bayan sujada kada ka cika ta da ciniki da yawo. Ka zauna da iyalinka.

2. Ka zaɓi littafi ɗaya, kamar Bisharar Markus. Kowane dare bayan tuwo ku karanta kaɗan, ku yi taɗi a kai. Kada ku yi sauri. Aya 5 da aka tauna sun fi sura 5 da aka haɗiye.

3. Ka sami wurin da za ka kaɗaita da Allah, ko gindin gawon gonarka ne. Ka kashe rediyo, ka ajiye waya. Bayan ka faɗi naka, ka yi shiru kaɗan a gabansa.

4. Ka koya wa wani karatu. Ka ziyarci tsoho ko marar lafiya, ka zauna, kada ka gaisa a tsaye.

5. Idan akwai aikin ikkilisiya da ka riƙe shekara da shekaru, ka nemi wanda za ka koya wa.

HUTUN DA YA FI DUKA

Akwai gajiyar da barci ba ya maganinta, watau nauyin zunubi da tsoron hukunci. Mutum yana iya kwana a kan katifa mai laushi, zuciyarsa kuwa tana ɗauke da dutse. Yesu ya kira dukan waɗanda suka gaji da masu nauyin kaya su zo gare shi, ya kuma yi alkawarin hutar da su (Matiyu 11:28-30). Ya gama aikin cetonmu a kan gicciye, ya tashi daga matattu. Ba sauran abin da za ka ƙara da wahalarka. Allah ba ya ƙaunarka don yawan aikinka. Yana ƙaunarka ranar da kake noma, yana ƙaunarka ranar da kake kwance. Ka taɓa zuwa wurin Yesu ka sauke kayanka? Idan ba ka yi ba, yau ce rana.

Damina za ta komo, za mu kuwa sāke ɗaukar hauya. Kafin ta zo, bari saiwarka ta nutse.

MU YI ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka yi damina, kai ne ka yi rani. Ka gafarta mini gaggawata da girman kaina, da na zaci aikinka a wuyana yake. Ka koya mini in zauna a gabanka ba tare da tsoro ba. Ka kiyaye 'yan'uwanmu da suke cin rani, ka ƙosar da waɗanda rumbunsu ya ƙare, ka ba matanmu hutu. Ka sa saiwata ta kai ga ruwan rai, domin waɗansu su sami inuwa a wurina ranar zafi. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.